Sarauniya Mangu ta Lugu: Matar da ta tari rundunar Faransa da 'yan baka

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. A yau filinmu na tarihin magabata zai ƙetara iyaka zuwa Jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, domin kawo wa mai karatu tarihin wata mata wadda sunanta ya yi tashe a cikin jerin waɗanda suka ja da Turawan mulkin mallaka a ƙasar Hausa, wato Sarauniya Mangu ta garin Lugu.

Duk wanda ya taɓa bi ta Kamba a Jihar Kebbi ya shiga Gaya, ba Gaya ta Kano ba, Gaya ta ƙasar Dandi da ke bakin Kogin Kwara, inda gada ta haɗa Nijar da garin Malanbil na Jamhuriyar Benin, ya san irin muhimmancin wannan gari ga fatake da direbobin manyan motoci. A shekarar 2023, bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki ta kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja, wannan gada na cikin wuraren da hankalin kowa ya koma kansu. A cikin watan Agustan shekarar, dubban matasa sun yi dafifi a filin wasa na birnin Yamai suna neman a rubuta sunayensu a matsayin 'yan sa-kai. A majalisun hira kuwa an yi ta muhawara a kan ko maharba da 'yan tauri da sauran farar hula masu riƙe da makami za su iya kare ƙasa idan wata runduna ta afko mata. Allah Ya kiyaye, ba a kai ga yaƙi ba. Sai dai wannan tambaya tsohuwa ce a yankin, kuma an taɓa gwada amsarta da jini a shekarar 1899.

Asalinta da sarautarta

Lugu wani ƙaramin gari ne a ƙasar Arewa, arewa maso gabas da Dogon Dutsi, a cikin ƙaramar hukumar Dan Kasari ta yanzu. Ƙasar Arewa tana shimfiɗe ne a gefen wani tsohon kwari da ake kira Dallol Mawuri, wanda ya gangaro daga arewa ya haɗu da kwarin Foga, inda ake dafa gishirin nan na Foga, sannan ya faɗa Kogin Kwara kusa da Gaya. Wannan kwari shi ne hanyar fatake tun zamanin da, saboda ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasarsa, rijiyoyi kuma ba sa yankewa.

Mutanen Arewa Hausawa ne, kuma masana sun kasa su gida biyu. Akwai Gubawa, waɗanda su ne masu ƙasa na asali, a hannunsu al'amuran tsafi da na noma suke. Akwai kuma Arawa, waɗanda ke danganta kansu da Barno, su ne suka riƙe sarautar mulki da ta yaƙi a garuruwa irin su Matankari. Gidan Sarauniya na ɓangaren Gubawa ne. A labarin da mutanen Lugu suka gada kaka da kakanni, kakarsu ta farko ta taso ne daga Daura, tana biye da wani dutse mai suna Tunguma, har ya tsaya a inda aka kafa garin. A wurin wannan dutse ake kai ƙararraki ana neman hukunci a bisa al'adarsu. Takwaran Sarauniya a wannan tsari shi ne Baura na garin Bagaji.

Ke nan kalmar Sarauniya sunan sarauta ne, mata da dama sun riƙe ta kafin Mangu da bayanta. Ba a kuma neman wannan sarauta da kuɗi ko da kamun ƙafa. Idan mai riƙe da ita ta rasu, akan ɗauki gawarta a kan makara a zagaya da ita a gaban matan zuriyar, wadda makarar ta nufa ita ce magajiya. Wannan al'ada ita suke kira tarkama. Daga ranar da aka zaɓi mace, ta bar harkokin duniya ke nan, takan zauna a ɗakinta cikin fararen tufafi, tana kaɗin auduga, jama'a na zuwa neman shawara a kan damina da annoba da rigingimu. A cikin wannan gida Mangu ta tashi a ƙarni na 19, kuma a wannan kujera Turawa suka same ta.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa Lugu ba ta da ganuwa irin ta Kano ko Zazzau, ba ta da barade da 'yan lifidi, ba ta kuma da baitulmali. Mutanenta Azna ne masu bin addinin gargajiya, manoma ne da damina, maharba da rani. Makamansu baka da kibiya ne da mashi da takobi, sai dafin da suke haɗawa da kwankwani suna shafa wa kibau. Amma sun saba da faɗa. Tun bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, yankin Arewa da Zabarma da Dandi bai daina gwagwarmaya da Gwandu da Sakkwato ba, musamman daga 1849 lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu, waɗannan ƙasashe suka mara masa baya. A irin waɗannan yaƙe-yaƙe, ɗan baka da ya san daji yakan iya tsayar da mahayin doki, domin bambancin makaman ɓangarorin biyu ba shi da yawa.

Zuwan rundunar Voulet da Chanoine

A ranar 14 ga watan Yunin 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Faris, inda suka raba wannan yanki a kan takarda ba tare da sanin masu shi ba. Iyakar ta tashi daga bakin kogi kusa da Illo, ta bi tsakiyar Dallol Mawuri, sannan ta yi baka a nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Abin da ke cikin bakan na Ingila ne, na waje na Faransa. Kafin ƙarshen wannan shekara Faransawa sun kafa sansani a Doso da yardar Zarmakoy Attiku.

Burin Faransa a lokacin shi ne ta haɗe yankunan da ta mallaka a Tafkin Chadi. Don haka ta shirya runduna uku: ɗaya daga Aljeriya ta hamada, ɗaya daga Kwango, ta ukun kuma daga yamma. Ta ukun nan aka damƙa wa wasu kyaftin guda biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine, waɗanda suka riga suka yi ƙaurin suna wajen rashin imani tun lokacin da suka ci Wagadugu a 1896. Chanoine ɗan wani janar ne da ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na Faransa a 1898. Turawan da ke cikin tafiyar ba su kai goma ba, sauran duk baƙaƙen fata ne da aka ɗebo daga Senegal da ƙasar Bambara da ta Mosi. Idan aka haɗa sojoji da 'yan dako da mata da masu kiwon dabbobi, ayarin ya kai kimanin mutum 2,000, ɗauke da ɗaruruwan bindigogin zamani masu cin nesa, da igwa, da akwatunan harsashi masu yawan gaske.

Gwamnatinsu ba ta ba su guzurin da zai ciyar da wannan taro ba, don haka duk garin da suka sauka sai sun cinye rumbunansa, sun ƙafar da rijiyoyinsa, sun kama mazansa su yi musu dako. Wanda ya yi gardama a harbe shi, a cinna wa garin wuta. A watan Janairun 1899, a Sansane Hausa da ke bakin kogi, sun kashe mutum 101, ciki har da mata da ƙananan yara. Da ƙarancin ruwa ya hana su miƙewa gabas kai tsaye, sai suka gangaro kudu wajen ƙasar Dandi, sannan suka juya arewa suka bi kwarin Dallol Mawuri har Matankari. Ta haka ne mutanen yankin Gaya suka riga mutanen Arewa ɗanɗana wannan masifa, kuma 'yan gudun hijira suka riga rundunar isa gaba da labarinta.

Yaƙin Lugu

Sarakuna da masu gari da yawa sun zaɓi su ba da hatsi da shanu da 'yan dako don su tsira da rayukan talakawansu, wasu kuma suka watse suka bar garuruwansu kango. Sarauniya Mangu ta ɗauki wata hanyar daban. Takardun da hafsoshin Faransa suka bari sun nuna cewa ta aika wa Voulet da saƙo mai zafi, tana shaida masa cewa za ta tare masa hanya, kuma mayaƙanta ba sa jin tsoron bindigarsa. A cikin waɗannan takardu tsohuwar matsafiya suke kiranta. Maharba da manoman Lugu da na ƙauyukan da ke kewaye, irin su Tongana, suka taru a ƙarƙashin kiranta, kowa da kwarinsa da layunsa, da imanin cewa asirin garin zai kare su.

A ranar 16 ga watan Afrilun 1899 aka yi karon. Da farko 'yan baka sun fito fili, amma bindigogin Faransawa suna kai wa mutum tun kibiyarsa ba ta isa rabin tazarar ba, ga kuma igwa tana aman wuta. Da suka ga haka sai suka janye zuwa cikin wani surƙuƙin daji mai ƙaya da ke kusa da garin, inda doki ba ya shiga, mai bindiga kuma ba ya hango abokin gabarsa sai ya zo gab da shi. A nan ne faɗan ya yi tsanani, domin sai da sojojin suka kutsa cikin ƙayar suna bin maharban ɗaya bayan ɗaya, kibau masu dafi na fito musu ta ko'ina. A lissafin Faransawa da kansu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙona harsashi kusan 7,000 a wannan rana. Ba su taɓa haɗuwa da turjiya irin wannan ba tun da suka baro bakin kogi.

A ɓangaren mutanen Lugu kuwa asarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Mayaƙa da dama sun kwanta dama, aka kuma ƙone garin. Amma Sarauniya ba ta shiga hannu ba, haka ma jama'a masu yawa sun ɓace cikin dajin da suka fi kowa saninsa. Voulet, wanda ruwa da abinci ke kora gaba, bai tsaya farautarsu ba, ya ci gaba da tafiyarsa gabas.

A watan Mayu rundunar ta isa Birnin Ƙonni, gari babba mai ganuwa, wanda a bisa yarjejeniyar 1898 ma yana cikin rabon Ingila ne. Mutanen Ƙonni suka rufe ƙofofi suka dogara da ganuwarsu. Igwa ta fasa ta, sojoji suka shiga, aka yi kisan da har yau jikokin mutanen garin ba su manta ba, inda wasu masana ke ƙiyasta mamatan da dubbai. Idan aka auna waɗannan ranaku biyu, za a ga daji ya fi ganuwa amfani ga mai ƙaramin makami, domin ganuwa tana tara jama'a wuri guda a gaban bakin igwa, daji kuwa yana warwatsa su.

Ƙarshen azzalumai

Tun a watan Janairu wani hafsa mai suna Laftanar Peteau ya saɓa da Voulet aka sallame shi daga tafiyar. Wasiƙar da ya rubuta wa budurwarsa yana zayyana ta'asar da ya gani ta kai ga hannun 'yan siyasa a Faris, kuma a cikin watan Afrilun da aka yi yaƙin Lugu gwamnati ta ba da umarnin a bi sawun rundunar. Laftanar-Kanar Klobb aka tura, da 'yan sojoji kaɗan. Bai sha wahalar gane hanya ba, domin ƙonannun garuruwa da gawawwaki su suka yi masa jagora. Ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga watan Yuli, sai Voulet ya sa aka buɗe masa wuta aka kashe shi. Bayan haka Voulet ya shaida wa mutanensa cewa ya yar da Faransa, zai kafa daularsa ta kansa. Sojojinsa baƙaƙe suka yi masa bore, suka harbe Chanoine ranar 16 ga wata, shi kuma washegari. Kaburburansu suna Maijirgi.

Wata uku cif ke nan tsakanin ƙona Lugu da mutuwar mutanen biyu, shi ya sa mutanen Arewa da yawa suka ɗauka bakin Sarauniya ne ya kama su. Mu dai abin da muka sani shi ne Allah ba Ya barin azzalumi, ko da a kan wanda ba Musulmi ba ya yi zaluncin. Sai dai mutuwarsu ba ta tsayar da mamayar ba. Sauran hafsoshin suka ja rundunar suka ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli bayan karon Tirmini, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga a watan Satumba. A ranar 22 ga watan Afrilun 1900 rundunonin uku suka haɗu suka kashe Rabe a Kusiri. A shekarar 1922 Nijar ta zama cikakken yankin mulkin mallakar Faransa, ba ta kuma samu 'yanci ba sai ranar 3 ga watan Agustan 1960.

Ita kuwa Mangu, bayan ƙura ta lafa ta koma Lugu tare da jama'arta, aka sake gina garin, ta ci gaba da riƙon sarautar kakanninta har ƙarshen rayuwarta. A almarar da ake bai wa yara, cewa ake ta rikiɗe ta zama damisa ta shige daji. Sarautar ta ci gaba a zuriyar bayanta har cikin wannan ƙarni namu.

Yadda sunanta ya bazu

Shekaru da dama labarinta bai wuce ƙasar Arewa ba. Wanda ya fito da shi duniya shi ne Abdullahi Mamani, marubuci kuma ɗan jam'iyyar Sawaba, wanda ya wallafa littafin ƙagaggen labari da Faransanci mai ɗauke da sunan sarautarta a 1980. A 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mai da littafin fim, wanda ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987. A littafin da fim ɗin an nuna ta a matsayin budurwa jaruma mai riƙe da baka a sahun gaba, alhali a bakin dattawan Lugu uwar ƙasa ce mai addu'o'in gargajiya da ba da umarni. Daga baya aka sa sunanta a makarantu da gidan rediyo, kuma bayan juyin mulkin 2023 hukumomin sojan Nijar suka ƙirƙiro lambar yabo ta ƙasa da sunanta.

Darasin da ke ciki

To, ko maharba za su iya kare ƙasa? Abin da ya faru a Lugu ya nuna suna iya jigata maƙiyi, su sa ya biya farashi, su kuma tserar da iyalansu saboda sanin daji. Amma ba su iya riƙe garin ba ko na yini ɗaya, balle ƙasar baki ɗaya. Dalilan a fili suke. Na farko, tazarar makami: jarunta ba ta ƙara wa kibiya nisa, laya kuma ba ta tare harsashi ba a ranar. Na biyu, maharbi manomi ne, yana da gona da iyali, ba zai iya barin gida wata da watanni yana bin runduna ba, ba shi kuma da wanda zai ciyar da shi a fagen fama. Na uku, wanda ya fi kowanne, rashin haɗin kai. Doso ta riga ta karɓi Faransawa, Argungu na nata lissafin, Sakkwato na kallon Azna a matsayin abokan gaba, Ƙonni ta tsaya ita kaɗai, Damagaram ita kaɗai. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An sake ganin haka bayan shekara bakwai. A ƙarshen 1905 wani malami makaho, Shu'aibu wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya tayar da talakawa a Kobkitanda, kudu da Doso, Faransawa da dakarun Zarmakoy suka murƙushe su. Ya tsere zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda a ranar 14 ga watan Fabrairun 1906 manoma masu gatura da fartanya da kibau suka kashe Turawan Ingila 3 da sojoji 25, har suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga watan Maris aka dawo musu da babbar runduna, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin daga doron ƙasa. Ƙasar Afirka da ta kori mamaya a wancan zamani ita ce Habasha, a yaƙin Adwa na ranar 1 ga watan Maris 1896, kuma ta yi haka ne domin Sarki Menelik ya haɗa kan sarakunan ƙasarsa, ya tara mayaƙa kusan 100,000, ya kuma shafe shekaru yana sayen bindigogin zamani.

Ko a zamaninmu an ga amfanin maharba. A watan Nuwamban 2014 sun taka rawar gani wajen ƙwato Mubi daga hannun 'yan Boko Haram, kamar yadda 'yan kato-da-gora suka yi a Maiduguri tun 2013. Amma sun yi nasara ne a matsayin idanu da 'yan jagorar sojojin gwamnati. A inda aka bar 'yan sa-kai suna cin gashin kansu ba mai tsawata musu, kamar yadda aka gani a wasu sassan Zamfara, ramuwar gayya ta ƙara wa wutar fetur.

Sarauniya Mangu ba Musulma ba ce, kuma ba aƙidarta muka zo yabo ba. Abin da tarihi ya riƙe mata shi ne ta ƙi miƙa jama'arta ga azzalumi a lokacin da masu dawakai da tambura suka sunkuyar da kai, kuma maharbanta sun yi iyakar abin da ɗan baka zai iya yi. Abin da ya rage nauyi ne a kan shugabannin Nijar da Nijeriya da Benin na yau, su gina rundunoni masu horo da adalci, su kuma zauna lafiya da juna, don kada a wayi gari an sake tura talaka da kibiya gaban bakin igwa. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.